Layin da nake tsallakewa a cikin addu'a

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni haifaffen Sakkwato ne, a nan aka binne cibiyata, a nan na yi aure, kuma in ka ɗebe tafiyar fatauci ban taɓa yin wata uku a jere a wani gari ba. Na fara da wannan ne domin duk sa'ad da na ce wa baƙo ni Kirista ne, tambayar da ke biyowa ita ce, "To asalinku fa? Zuru ko kudancin Kaduna?" Ko ɗaya. Kakana na wajen uwa baƙauyen ƙasar nan ne. Kuturta ce ta kai shi Amanawa, asibitin kutare da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙe a wajen Dange, can ya ji bishara, can ya auri kakata, can aka haifi Innata da ƙanenta. Don haka ni a cikin ikilisiya na buɗe ido. Na yi makarantar Lahadi, na yi waƙa a ƙungiyar Sabon Rai ta ikilisiya, aka yi mini baftisma ina saurayi, har na riƙe ma'ajin zumuntar maza shekara huɗu. In a takarda ake duba bangaskiya, tawa ba ta da gyara.

Sana'ata albasa. Wanda bai san harkar ba yana ganin kamar saye da sayarwa ne kawai, alhali caca ce da rana da ruɓa. Kana saye da rani, wajen watan Maris, lokacin da manoman fadamun Goronyo da Wurno da Gada suka cire ta, ta yi yawa har tana neman mai ɗauka. Sai ka zuba ta a rudu, wato wurin ajiyar albasa, ka rufe da ciyawa yadda iska za ta riƙa ratsa ta, ka yi ta juyawa kana tsince wadda ta fara laushi, domin guda ɗaya ruɓaɓɓiya sai ta ja maƙwabtanta. In Allah ya sa ka tsallake damina da kashi biyu cikin uku na abin da ka ajiye, ka gode. Bayan damina ta yi tsada, sai a ɗura a buhu, a loda tirela, a nufi kudu.

A 2019 na yi ajiyar da ban taɓa yin irinta ba. Na sa jarina duka, na karɓi kuɗin adashin matata, na kuma ciwo bashi wurin wani Alhaji da muka daɗe muna hulɗa a kasuwar Ramin Kura, mutumin kirki wanda bai nemi ko takarda ba. Watan Oktoba muka ɗura buhu 200. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni ana gobe tafiya, na ce taubashina ya raka kayan Fatakwal.

Ɗan kawuna ne, ɗan ƙanen Inna. Na girme shi da shekara shida. Kwano ɗaya muka ci tuwo, ni na koya masa keke, ni na koya masa gane albasar da za ta yi ajiya daga wuyanta. Kuma kun san tsakanin taubasai: ba ya ganina bai tsokane ni ba, ko a bakin majami'a sai ya ce wai ni bawansa ne, in ɗauko masa takalmi. Ya tafi da kaya na fiye da naira miliyan 4. Mako guda ana waya, mako na biyu waya ta daina shiga. Bayan kwana arba'in ya dawo garin da dare, bai zo gidana ba. A bakin mutane na ji ya dawo.

Ba zan ja ku da zaman sulhu ba. Dattawan ikilisiya sun zaunar da mu sau biyu, ya yi ta kame-kame, ya yi kuka, ya yi alkawari, ya kawo dubu 150, shi ke nan. Daga baya ya bar sujadar Hausa ya koma ta Turanci don kada mu haɗu, shi da Turancinsa bai isa ya sayi ruwa ba. Ya samu babur ya shiga kabu-kabu. Ni kuma na koma dillanci a kasuwar da dā nake da yara masu yi mini aiki, ina tara la'ada ina kai wa Alhaji kaɗan-kaɗan.

Talaucin bai dame ni kamar yadda mutane suka zata ba. Wanda ya yi harkar albasa ya saba da faɗuwa. Abin da ya cinye ni daban ne, kuma da dare yake zuwa.

Ina da wani littafin lissafi mai baƙin bango, a ƙarƙashin katifa nake ajiye shi. In gida ya yi tsit sai in jawo shi, in haska fitilar waya, in sake lissafin da na riga na haddace: kuɗin buhu, kuɗin 'yan dako, kuɗin mota, ribar da ta kamata ta shigo, ribar da ita ribar za ta haifar da an sake juya ta. Kowane wata bashin ƙaruwa yake yi a littafina, ko da yake ba wanda ya ƙara karɓar ko sisi. In na rufe littafin sai in buɗe shari'a a cikin kaina. Ni ne mai ƙara, ni ne alƙali. In faɗa masa magana, in ba shi amsar da zai bayar, in kashe amsar da wadda ta fi ta zafi. Lokacin bazara, da zafin Sakkwato ke korar kowa tsakar gida, sai in kwanta a tabarma ina kallon sama, kowa na minshari, ni ina shari'a, har in ji ladanin unguwarmu ya yi kiran assalatu. Da wannan kiran nake gane wani dare ya sake wucewa ban runtsa ba.

Na rame. Na zama mai faɗa, yaro ya yar da cokali sai in tashi kamar zan ci shi ɗanye. Da ciwon kai ya matsa aka auna ni aka ce hawan jini ne, 170 a kan 110, aka ɗora ni a kan magani. Likitan ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na ce babu.

Kuma duk wannan ban fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya. Ina ba da baiko, ina rera waƙa. Abu ɗaya kawai na ƙirƙiro wa kaina. In an zo Addu'ar Ubangiji, ina bin jama'a tun daga "Ya Ubanmu wanda ke cikin sama" har zuwa abincin yini. Da an kai wurin da muke roƙo a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in rufe baki, in yi kamar tari ya sarƙe ni, in sake kamawa a "kada ka kai mu cikin jaraba." Ni a ganina gaskiya nake yi wa Allah, tunda ban yi masa ƙarya ba. A cikin ɗaruruwan muryoyi wa zai lura murya ɗaya ta ɗauke? Shekara biyu da rabi ina haka.

Sai ga watan Mayu na 2022. Duk wanda ke garin nan ya san abin da ya faru ranar Alhamis 12 ga wata, da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ya yi kira a kwantar da hankali, amma ranar Asabar gari ya rikice. Aka ƙona tayoyi a titi, aka farfasa tagogin babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, aka taɓa shagunan mutane. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Ba zan yi dogon bayani a kan kwanakin nan ba, ciwon bai warke wa mutane da yawa ba. Abin da zan faɗa shi ne maƙwabcina, wani malami mai almajirai, ya fito da bencinsa ya ajiye a ƙofar gidana, ya zauna da carbinsa tun hantsi har duhu. Bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba. Allah ya saka masa.

Wajen la'asar ranar Asabar ɗin aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta kafa, sai ga taubashina a kan babur, matarsa a baya da goyo, yara biyu a matse a tsakaninsu, ɗaya a kan tanki. Unguwarsu ta yi zafi, gidana ne mafi kusa.

Ina so in faɗi gaskiya a nan, domin shaidar da aka yi wa kwalliya ba ta da amfani. Hannuna yana kan sakata, ban zare ba. Na tsaya ina kallonsu ta kafar ƙofa, wani abu a cikina yana cewa yau ga ranarka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Muryar Inna na ji a bayana, da Sakkwatancinta da ba ta taɓa sauyawa ba:

"Mi kaka jira? Buɗe musu. Ɗiyan ƙanena na. In ba su shigo ba, ni ka hita."

Na buɗe. Ya shigo da babur zaure, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, sannu." Na ce, "Yauwa." Maganarmu ke nan ta farko tun zaman dattawa.

Washegari Lahadi, ba mai fita, ba sujada a majami'a. Inna ta sa aka shimfiɗa tabarmi a ɗakinta, aka rufe taga, muka zauna mu goma sha ɗaya har da na goye. Ta dube ni ta ce ni ne maigida, ni zan bi da sujada. Muka yi waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa, ba tulu ba caki, kamar masu raɗa. Na karanta Zabura 46. Na yi addu'a domin gari, domin iyayen yarinyar, domin masu mulki. Sannan, da yake haka aka saba rufewa, bakina da kansa ya ce, "Bari mu yi Addu'ar Ubangiji."

Sai da na fara na tuna. A majami'a ina ɓuya a bayan jama'a, a nan kuwa ni ke gaba, kowa muryata yake bi. Muka wuce abincin yini. Na tsaya. Da na tsaya kowa ya tsaya. Ɗakin ya yi shiru har ina jin ƙarar jiniyar motar 'yan sanda can nesa, ina jin numfashin mutumin da ke zaune ɗan taki biyu daga gwiwata. 'Yata ƙarama, lokacin shekararta shida, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Baba ya manta." Sai ta ɗaga murya, irin yadda aka koya musu a makarantar Lahadi, ta ja layin ita kaɗai har ƙarshe, tana jan kowace kalma don in ji in riƙe.

Ban iya ƙarasa addu'ar ba. Matata ce ta kai mu "Amin."

Da kowa ya watse Inna ta ce in tsaya. Ta jawo Littafi Mai Tsarki na Kaka daga cikin kwallarta. Tsohon juyi ne, irin na 1932, ba wanda muke karantawa yanzu na 1979 ba, Hausarsa ma sai ka yi a hankali. Na san littafin tun ina yaro amma ban taɓa duba shi da kyau ba sai ran nan. Kaka ba shi da yatsu, cuta ta cinye su, don haka da dungun hannunsa yake buɗe shafi: ya lasa, ya danna kusurwar takarda, ya tura. Duk inda ya yawaita karantawa kusurwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar tsumma. Ba sai ka tambayi inda yake so ba, littafin da kansa yake buɗewa a wurin. Ta miƙo mini, ya buɗe a Matiyu sura 18, kusurwar har ta cinye.

Ta ce, sa'ad da cutar ta bayyana a jikinsa, 'yan'uwansa uba ɗaya suka yi masa bukka a bayan gari, suka raba gonarsa tun yana da rai. Da farin 1973 ya zo, yunwa ta shiga ƙauyensu, shi kuwa ya ɗan samu gero a gonar da yake nomawa a Amanawa, ya ɗaura dami biyu a jaki ya aika musu. Kakata ta yi faɗa har ta ƙi yin tuwo ranar. Inna ta ce ita ta raka jakin, tana budurwa, kuma ko sannu ba su aiko masa da ita ba.

Na ce, "Inna, ni ba Kaka ba ne."

Ta ce, "Shi ma ba hakanan anka haihe shi ba. Kai dai tun da wanga abu yaf faru ba ka kwana. Shi wanda yac ci kuɗɗin, jiya ina jin minsharinai har ɗakina. To wa aka ɗaure?"

Na fita da fushi, ban da abin cewa. Amma na fita da littafin a hannu.

Da dare na zauna a bayan ɗaki na karanta misalin nan na bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti dubu 10, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Na sha jin wa'azi a kansa, ni kaina na koyar da shi. Amma kullum a matsayin mai kallo nake karanta shi. A daren nan na ga hannuna ne a wuyan mutum, shekara biyu da rabi ban saki ba ko da dare, kuma mai shaƙe wani shi ma ba ya iya yin komai da hannun nan, ba ya iya karɓa, ba ya iya ɗagawa sama. Na tuna da sakatar jiya. Yara uku a kan babur, gari na ci da wuta, ni ina lissafi. Wanda ya iya yin wannan, bashin da ke kansa ya wuce miliyan 4.

Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Na durƙusa a ƙasa kusa da randa na ce, "Ya Yesu, ba na son in yafe masa. Ka ga zuciyata, ba sai na ɓoye ba. Amma na gaji. In kana iya karɓar wannan kaya, ka karɓa." Iyakar addu'ar ke nan. Na daɗe a wurin ina kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Babana. Yesu ne ya ce masu wahala da masu nauyin kaya su zo gare shi zai hutar da su, ni kuwa na yi shekaru ina zuwa wurinsa kowace Lahadi da kayana a ka, ina gaishe shi, ina komawa da abina.

Na tashi na nufi zaure. Taubashina yana zaune a jikin babur ɗinsa, ashe shi ma ba kullum yake minsharin ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ya fara ba ni labari ba tare da na tambaya ba: tirela ta lalace kusa da Lakwaja kwana huɗu a cikin ruwan sama, kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe, ya sayar da sauran, kunya ta hana shi dawowa da abin da bai kai ba, ya zuba kuɗin a manja don ya cike giɓin, wanda ya ba kuɗin ya ɓace. Ya faɗi wani ɓangare na wannan a gaban dattawa, lokacin ban saurara ba. Ko duka gaskiya ne ko rabi, ban bincika ba, ba kuma zan bincika ba. Na ce masa, "Na yafe maka." Kalmomin sun fito da ƙyar kamar ana zare ƙaya. Ya kama ƙafata yana cewa "Yaya, Yaya," na ce ya bari kada ya ta da yara.

Na koma tabarmata. Abin da na sani bayan nan shi ne matata tana girgiza ni, rana ta riga ta kai bango, wuyana ya jiƙe da zufa. Ban ji assalatu ba. Ta ce ta leƙo sau uku tana duba ko ina numfashi.

Kada wani ya ɗauka daga ranar komai ya zama zuma. Bayan mako biyu na gan shi ya saya wa matarsa sabuwar atamfa, abin ya taso mini ɗanye kamar ba a taɓa yafewa ba. Na je wurin Fastonmu na ce ashe ƙarya na yi. Ya yi dariya ya ce Bitrus ma ya so a tsaya a bakwai, aka ce masa bakwai har sau saba'in, kuma wani lokaci laifi ɗaya ne za ka yafe sau ɗin nan duka. Na tambaye shi ko gafara tana nufin in bar kuɗin. Ya ce abu biyu ne daban, mutum yana iya yafewa ya kuma karɓi haƙƙinsa, ba zunubi. Na yarda da shi, kuma ba na ce wa kowa ya bar haƙƙinsa. Amma ni na san kaina: muddin littafin nan yana ƙarƙashin katifa, zan jawo shi. Sai dai akwai kuɗin da ba nawa ba a ciki. Na Alhaji na ci gaba da biya har na gama a 2023, ya kuma yafe mini dubu 200 na ƙarshe ba tare da na roƙa ba. Na matata kuwa sai da na zaunar da ita na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ni adashi ban daɗe da mantawa da shi ba? Miji na rasa shekara biyu, shi nake nema." Ita ta ɗauki littafin, ban tambaye ta inda ta kai shi ba.

Har yau ina shan maganin hawan jini, kuma ina gaya wa 'yan'uwa masu cewa bangaskiya ta isa su daina wasa da lafiyarsu. Jarina bai dawo yadda yake ba, buhu talatin nake ajiyewa yanzu, wani lokaci arba'in. Tsoron da muka ji a watan Mayun nan ma bai gama barin garin ba, in an ji hayaniya a titi har yanzu mata suna kiran yara su shigo. Amma Yesu ya ce salamar da yake bayarwa ba irin ta duniya ba ce, kuma ni abin da na sani game da ita kaɗan ne, na yau da kullum: ina cin tuwo in ji daɗinsa, 'ya'yana sun daina yin shiru in na shigo, ina yin addu'ar nan daga farko har ƙarshe ba tari.

Inna ta rasu bara da hunturu. Mu biyu muka shiga kabari muka karɓe ta. Littafin Kaka yana wurina.

Kwanan baya na fito daga Ramin Kura da yamma, ƙura ta rufe ni, ina neman abin hawa, sai ga babur ya tsaya a gabana. Shi ne. Na hau, muka bi ta cikin gari ba mai cewa komai, har ƙofar gida. Na sauka ina kakkaɓe riga, sai ya miƙo hannu, fuskarsa a murtuke, ya ce, "Kai bawa, kuɗin mashin fa?"

Rabon da ya kira ni haka tun kafin tafiyar Fatakwal. Na ga hannun yana ɗan rawa.

Na ce, "Cire a cikin bashi."

Malam maƙwabcina yana kan bencinsa, ya ɗago kai yana kallon ƙattai biyu suna dariya a tsakiyar hanya har ɗaya ya riƙe bango.